Gidan Gyara

Innar Amatullah awo take yi a cikin gida, nan garin Sheme. Shinkafa da wake da gero, tiya-tiya. Duk wadda ta saya, bayan an cika mata tiya sai Inna ta ƙara damƙa guda ta watsa mata a leda. Gyara ke nan, kuma tun Amatullah na rarrafe haka ta ga ana yi.

Ita Amatullah ba mai magana ba ce. Ko a cibiyar koyon kwamfuta ta Faskari, inda yayanta Yahya ya sa ta, can baya take zama. Amma da Malam Salahuddeen ya fara koya musu Excel, sai abin ya shiga ranta. Shafi ne mai gida-gida kamar saƙar zuma: ka sa kuɗin saye a wannan gida, na sayarwa a wancan, ka ɗaure su da fomula, riba ta fito da kanta. In ka taɓa gida ɗaya, sauran duk su motsa.

"Kowa ya gina na sana'ar gidansu," in ji Malam. "Duk abin da ke fita, a ba shi gidansa."

Ta gina na awon Inna. Kuɗin buhu, kuɗin mota, leda, har da gyara. Da ta gama sai ta gwada: ta goge lambar da ke gidan gyara, ta sa sifili. Riba ta yi tsalle. Ta mayar, riba ta faɗo. Ta sake sa sifili. Ashe abin da Inna ke watsarwa a wata ya kusa rabin buhu! Malam ya leƙo ya ce, "Madalla, kin gane aikin." Ranar har gida tana murmushi cikin hijabi.

Ba a jima ba ƙanwar Inna ta haihu a Sabuwa, Inna ta tafi zaman jego, ta bar mata awon.

Goggo Suwaibatu mai waina ce ta fara shigowa, wadda ta fi kowa sayen shinkafa a gidan. Amatullah ta gaishe ta har ƙasa, ta auna mata daidai, ta rufe bakin buhu.

Goggo dai ta ci gaba da riƙe ledar a buɗe da hannu biyu, tana ba da labarin ciwon gwiwarta. Labarin ya ƙare, leda na buɗe. Amatullah ta sunkuyar da kai tana wasa da igiyar buhu.

"To," in ji Goggo. Ta ƙulle ledar a hankali. "A gaida mai jego."

Kafin Inna ta dawo, labari ya zaga unguwa. Mata suka koma gidan Nata'ala, inda matarsa ke awo. Buhunan Inna suka zauna kamar baƙi. Amatullah ta buɗe shafinta a kwamfutar Yahya, riba na nan a sama tana ƙyalli, domin gidan yawan masu saye ita ta rubuta lambarsa da hannu, ba ta ɗaure shi da komai ba. A shafin, kowa na nan bai tafi ba.

Inna ta dawo, ta dubi buhuna, ta dubi ɗiyarta. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi.

"Suwaiba ma kika hana?"

"Lissafi ne ya nuna, Inna…"

"Ranar da na haife ki ita ta yanke miki cibi." Ta ɗauko kwano ta cika da shinkafa. "Ungo. Ƙafarki ta kai mata."

Goggo na bakin tanda tana juya waina, mata uku na jira. Amatullah ta durƙusa ta ajiye kwanon.

"A'a, ga Malamar kwamfuta!" in ji Goggo. "Mi aka kawo? An ƙirga ƙwayoyin kuwa? Kar a je injin ya yi fushi."

Matan suka kwashe da dariya. Amatullah ta ji da ƙasa za ta buɗe da ta shige.

"Ki yi haƙuri, Goggo."

Goggo ta kwashe wainar, ta zuba wa mai saye, sannan ta ƙara mata ɗaya a kai ba tare da ta duba ba. Ta ɗauki wata mai zafi ta miƙa wa Amatullah.

"Ci. Gobe zan aiko a auna mini tiya biyar. Amma uwarki za ta auna, ba ke ba."

Washegari a cibiyar kwamfuta, Amatullah ta mayar da lambar gyara gidanta, ta ɗaure ta da gidan masu saye, yadda in gyara ta sauka su ma su ragu. Malam Salahuddeen ya tsaya a kanta.

"Wannan dabarar fa, a ina kika samo?"

Ta ja hijabi ta rufe baki, ba ta ɗago ba.