Ƙofar da Ke Kallon Tasha

Tun safe zazzaɓi ke nuƙurƙusata, amma na ja jiki na tafi taron, don ranar za a yanke yadda za a gina sabon ɗakin karɓar maganin HIV a asibitin garinmu. A takarda an rubuta ni wakiliyar mata. Duk zauren ba wanda ya san shekara bakwai ke nan ina haɗiyar ƙwayar nan, har shugaban kwamitin, Malam Iliya, yayan mijina marigayi. Zanen da suka baje a tebur ya sa ƙofar ɗakin tana kallon tashar 'yan acaɓa. Raina ya ɓaci. Ƙawata Kande wata uku ke nan ba ta je karɓar nata ba saboda idon mutane, ina ga an kai ƙofar bakin tasha? Sau biyu ina ɗaga hannu, sau biyu ana miƙo min lemo. Fanka na juyawa, ana ta zuba turanci, kaina ya yi nauyi.

Sai ga ni a wani fili da aka shimfiɗe da farar takarda, ba rana ba inuwa. Robar maganina ta fito daga jaka, ta yi tsawo har kafaɗata. Muryarta a shaƙe take, saboda audugar da nake cusa mata don kada ta yi ƙara a cikin mutane.

"Cire min abin nan daga baki," in ji ta.

"Ki tona min asiri? Ba ki isa ba."

"Matsoraciya. To biyo ni."

Wai ni roba ke zagi. Na bi ta ina huci, har muka iske wasu dogayen magina cikin manyan riguna, suna jera takardu a maimakon bulo. Inda kunne ya kamata ya fito a kansu sumul yake kamar bayan ƙwarya. Na yi sallama, ko kallo ban ishe su ba. Wata kujera mai ɗauke da sunana ta rarrafo, ta doke ni a bayan gwiwa, na faɗa cikinta.

"Zauna," in ji kujerar. "Ke ce al'umma."

"Magana na zo yi."

"Wa ya tambaye ki? Gyara ɗankwalinki, hoto za a ɗauka."

Na tsine mata, ta ƙara matse min ƙugu. Da ƙyar robar ta fizgo ni, filin ya karkace, muka gangara gaban wata ƙofa da ke tsaye ita kaɗai babu bango. Idanu sun feso a jikinta kamar ƙuraje. A gabanta babura ne jere, kowanne da harshe a inda ake zama, suna ta lasar iska. Ga layin mutane marasa fuska, don kowa ya ninke tasa ya baro a akwati a gida. Amma duk wanda ya matso sai ƙofar ta ƙwala sunansa da na ubansa da unguwarsu, baburan su kwashe su watsu cikin gari.

Can tsallaken wani rami na hango Kande. Ta rame har ina ganin layukan takardar ta cikin ƙirjinta.

"Uwale, ke da kike cikin taron, me kika faɗa musu?"

Ƙarya ta ƙi fita. Na ce, "Lemo na sha."

Ba ta zage ni ba, da ma zagin nawa ta yi. Juya min baya kawai ta yi. Kunya ta kama ni, haushi ya biyo baya, na shaƙo wuyan robar na ce ta faɗa min inda kurman nan suka ajiye kunnuwansu.

"Suna aljihunsu. Ba sa fito da su sai sun ji ƙarata."

"Yaya Iliya na cikinsu. 'Ya'yana a gidansa suke cin abinci."

"To bar ni a toshe, ki koma wurin kujerarki."

Na cusa yatsa na jawo audugar. Ta yi ta fitowa ba iyaka, tana saƙa kanta, ta zama farin ƙyalle yana jan ciki zuwa wurin Kande. Na gane ko wane ƙyalle ne: likkafani. Na take shi da ƙafa, na ɗaga robar sama na girgiza, ƙwayoyin suka ɗauki ƙara irin ta ruwan sama a kan kwano. Maginan suka tsaya, hannuwansu suka nufi aljihu. Na buɗe maƙogwaro na ce, "Ni ma ina sha! Shekara bakwai! Ni zan shiga ƙofar nan, ba ku ba!"

Firgigit na farka. A tsaye nake, jiƙe da gumi, maƙogwarona na zafi. Duk zauren ni ake kallo. Malam Iliya na riƙe da biro a saman zanen, bai sa hannu ba tukuna.

"Uwale," ya ce a hankali, "me kika ce?"

Kafin in amsa, matar da ke gefena ta ja kujerarta ta matsa nesa da ni.