Bayan Katangar Bu Entin

Pak Cecep, ma'aikacin ofishin ba da izini, ya kafa igiyar awo a bakin rijiya ya ja ta har murfin masai, yana tafe yana lashe maiƙon soyayyiyar ayaba a yatsunsa. Matar gidan, Bu Entin, na biye da shi da faranti. A garin, "Pak" ake ce wa namiji don girmamawa, mace kuwa "Bu".

Bayan rasuwar mijinta ne ta baro birnin Bandung ta dawo gidan iyayenta. Ta gyara ɗakuna biyu don masu zuwa kallon gonakin shayi su kwana, su karya kumallo. Baƙinta na farko suna tafe ranar Asabar. In mutumin nan bai sa hannu ba, dole ta sauke allon tallar masauki da ta kafa a ƙofa.

"Mita goma doka ta ce tsakanin rijiya da masai, kin ma wuce, Bu," in ji shi, ya kurɓi shayi. "Da ruwan rijiyar kika dafa? Kai, akwai garɗi!"

Sai suka ji wani abu ya faɗa ruwa a bayan katanga, tsulum! Nan take ruwan ya hautsine kamar an watsa wa kaji tsaba. Bu Entin ta kife bokiti, ta taka, ta leƙa.

Kududdufin kifin maƙwabcinta ne, Mang Oman, wato Kawu Oman, manne da katangarta, dab da rijiyar. A tsakiyarsa an kafa 'yar rumfar gora a kan sanduna, an rataya buhu a ƙofa, masai ke nan. Ga kan Mang Oman ya leƙo ta sama, da sigari a baki. A ƙarƙashinsa tarwaɗa sai kokawa suke, kowacce baki buɗe.

"A'a, Neng Entin! Ya maganar izinin?" ya kira ta yadda ake kiran 'yan mata, ya ɗaga mata hannu daga inda yake tsugune, ko kunya babu.

Tir! Ashe warin da ta yi ta ɗora wa kwata laifinsa daga nan yake. Ga shi da ruwan rijiyar nan take alwala, da shi take wanke baki. Ta sauko daga kan bokitin.

"Pak, don Allah zo ka gani. Ƙazantar nan cikin rijiyata take tsatsafowa!"

Pak Cecep ko ɗaga kai bai yi ba. "Masanki aka aiko ni in auna, Bu, ba na maƙwabci ba. Can kuma filin noma ne a taswira, ba hurumina ba ne." Ya rage murya. "In kuwa ƙara za ki kai, ki tuna izinin nan da yardar maƙwabta yake tsaye. Ran da Mang Oman ya janye tasa, allonki ya sauka."

Ya sa hannu, ya buga hatimi. Sannan, wallahi, mutumin nan ya ɗauki kofin ya shanye ragowar shayin tas, har da tanɗe baki, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Tana tsaye a tsakar gida tana tunanin ko ta sayi ruwan kwalba ta yi shiru, sai ga sallamar Mang Oman. Ya shigo yana goge hannu a zaninsa, ɗaya hannun riƙe da tarwaɗa manya-manya a zarge, suna ta mutsu-mutsu, yauƙi na ɗiga a kan simintin da ta wanke da safe.

"Na ji an dace, alhamdulillahi! Ga na baƙinki, a soya musu su ci da shinkafa. Kul kika yi mini zancen biya, ke 'yata ce, a gabana kika yi rarrafe. Kullum da safe zan kawo."

Ta dubi kifin, ta dubi allon da ke ƙofa. Ta rusuna, ta miƙa hannu bibbiyu ta karɓa.

"Na gode, Mang. Sun yi ƙiba."

"Ai ba na barin su da yunwa," in ji shi.