Makullin Sabulu

Tartsatsi na tashi daga bakin injin yankan makulli lokacin da ƙaninsa ya shigo shago da baƙo. Mai Makulli bai ɗago ba sai da ya fitar da haƙorin makullin na ƙarshe, ya hure garin ƙarfen, sannan ya dubi takalman baƙon. Masu sheƙi ne, irin waɗanda ba su san ƙasa ba.

"Yaya, ga Dakta," in ji ƙanin. "Wurin Injiniya muka zo. Arziki ne ya biyo ta har gida."

Injiniya 'yar Mai Makulli ce ta biyu. 'Yan unguwa suka laƙaba mata sunan don tsokana, ganin ta gama karatu ta ƙi yawon neman aiki, ta shige ƙuryar shagon ubanta da kwamfuta mai karyayyen murfi. A nan, tsakanin kwalayen kwaɗo da tsohuwar fanka, take ƙera manhajojin waya. Ta yi wa masu gidan burodi ɗaya, ta yi wa wata makaranta ɗaya, da su take ci. Amma wadda take ji da ita ta mata ce: mace ta rubuta kwanakinta, da ranar awo, da ɓarin da ta yi, da abin da ba ta iya gaya wa uwar miji. Mata dubbai ke amfani da ita.

Shi Mai Makulli aji uku ya yi a makaranta, bai san kan abin ba. Ya dai san yarinyar irin zamansa take yi: kai a sunkuye, ba tashi sai abu ya shiga daidai.

"Ki riƙe manhajarki," in ji Dakta. "Lambobin waya kawai nake so, na waɗanda suka shekara biyu ba ciki. Ina da magani, suna da buƙata. Taimako ne."

"A wane asibiti kake, Dakta?" ta tambaya.

"Asibitina a bayan motata yake," ya ce yana dariya.

"Ofis zai buɗe miki, da sabuwar kwamfuta!" in ji baffanta. "Ke da wannan akwalar da sai an tokare ta da kwaɗo take tsayuwa. Wa ma zai sani?"

Ta dubi murfin, ta daɗe. Ta ce a ba ta kwana goma.

*

Da suka fita, Mai Makulli ya jawo kujera. "Yi min bayani irin na mai aji uku."

"Baba, kowace mace tana da ɗaki a ciki. Makullan duk suna hannuna. Kuma in kwamfutar nan ta mutu, sana'ata ta mutu."

Ya tuna babbar 'yarsa. Shekara bakwai da aure ba haihuwa, babu jiƙon da ba ta sha ba, har ɗaya ya kwantar da ita wata guda a asibiti.

"Yayarki tana ciki?"

"Ba zan iya gaya maka ba, Baba."

Ya buɗe durowa ya ciro busasshen sabulu, duk ya tsattsage, da shatin makulli a jikinsa.

"Kina goye aka kawo min wannan, ranar ko na cefane ba ni da shi, amma na ƙi yanka makullin. Mai ƙofa makulli yake kawowa. Wanda ya kawo sabulu, ƙofar wani zai buɗe." Ya ajiye mata shi kusa da kwamfuta, ya koma kan injinsa.

Kwana tara ba ta yi aikin kowa ba. Masu gidan burodi suka gaji da kira suka koma wurin wani.

*

Ranar ta goma ta juya wa Dakta allon. Fari fat.

"Na sauya ginin. Sirrin kowace mace yanzu a wayarta yake zaune, ko ni ba na gani. Na mayar wa kowa makullinta."

"Kin ƙone rumbu da hannunki!" in ji baffanta. "Wallahi talauci gado ne a gidan nan."

"Gado ne," in ji Mai Makulli. "Kai ne dai ba ka samu rabonka ba."

Dakta ya kaɗe hularsa, ko a jikinsa. "Yara masu kwamfuta sun fi ƙudaje yawa. Wani zai yi."

Wani kuwa ya yi. Kafin wata biyu sabuwar manhaja ta fito, mai furanni da alkawarin haihuwa, mata suka yi ta ɗorawa.

Wata ranar Asabar babbar 'yar ta leƙo shago gaisuwa. Mai Makulli na sunkuye kan kwamfutar ƙanwarta, ya yanko tagulla yana ƙera wa murfin sabon maɗauri. Wayar babbar ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce. Ta ɗauka, ta saurara, fuskarta ta sauya.

"E, shekara bakwai," ta ce ƙasa-ƙasa. "Wa ya gaya maka?" Ta fita waje da wayar a kunne.

Injiniya ta miƙe ta bi ta da sauri.

Mai Makulli ya ɗaure ƙusa ta ƙarshe, ya janye kwaɗon da ke tokare da murfin. Murfin ya tsaya da kansa.