Ranar da Dutsen Guga Ya Zauna a Gida

Tela ya daɗe ba ya fita sai da dutsen gugarsa a jaka. Da can komawa yake yi ya duba ko ya zare shi daga wuta: ya kai bakin titi ya dawo, ya kai shago ya dawo. Da ya gaji, sai ya ga gara ya riƙa tafiya da abinsa. Daga baya butar lantarki ta shiga jakar, risho ma ya bi su. In yana tafe sai ka rantse mai sayen tsofaffin ƙarafa ne.

Likitar da yake zuwa wurinta ba ta yi masa dariya ba. Ta ce dubawar nan ita ce abincin tsoron, duk komawar da ya yi ƙiba yake ƙara masa. Ta ba shi aikin gida: ya zare sau ɗaya, ya fita hannu sake, ya bar fargabar ta hau ta sauka da kanta. Matarsa kuma aka hana ta kwantar masa da hankali. Duk abin da ya tambaya, amsarta ɗaya ce: "Wataƙila."

Ya yi ta cewa gobe zai fara, har 'yarsa ta haihu. Ta kira daga asibiti.

"Baba, ka zo ka ga jikanka kafin a rufe ƙofar masu dubiya. Amma wallahi in na ji ƙarar jakar nan, ba zan ba ka shi ba. Da wane hannun za ka riƙe shi?"

Haka ya shiga bas da matarsa, ba jaka, hannayensa a kan gwiwa sun rasa abin riƙewa.

"Maman yara, na zare kuwa?"

"Wataƙila."

Wata mata mai kwando a bayansu ta leƙo. "Me aka zare?"

"Dutsen guga," in ji Tela.

"Haba baiwar Allah, wane irin wataƙila? Gida fa ake magana!"

Wani mai tabarau ya ce haka gidan maƙwabcinsa ya ƙone, ko cokali ba a fitar ba. Wani ya tambaya ko akwai labule kusa.

"Wataƙila," in ji matar Tela, don ita dai abin da likita ta ce shi za ta yi.

Bas ta kaure da hayaniya. "Direba, juya! Juya mana!"

Direba ya gangara gefen titi ya taka birki. "Baba, gidanka ne. In juya?"

Shekara da shekaru Tela yana neman mutum ɗaya da zai ce tsoronsa gaskiya ne, yau ga mota guda. Ya miƙe iya inda rufin bas ya bar shi.

"Jama'a, ku zauna. Tunani ne kawai, tunani ba wuta ba ne. Zai hau, zai sauka."

"In gidan ya ƙone fa?" in ji mai tabarau.

"Wataƙila ya ƙone," in ji Tela.

Sai mai kwando ta dafe ƙirji. "Wayyo, ni fa ban tuna na kashe tukunyar gas ba!" Ta sauka da gudu. Mai tabarau ya bi ta, wai famfo. Ɗaya bayan ɗaya suka watse, kowa ya nufi gidansa. Direba ma ya fara laluben aljihu.

"Ni kuwa na kulle ɗakina?"

"Ɗana, tuƙa kawai," in ji Tela. "In ka koma yau, gobe sau biyu za ka koma."

Sun iso mai gadi na jan ƙofa. 'Yarsa ta dubi hannayensa, ta leƙa bayansa, ta dubi uwarta, sannan ta miƙa masa jaririn.

"Baba, hannunka rawa yake."

"Zai daina," in ji shi. "Ke dai kar ki karɓe shi."