Gayyar da Aka Yi wa Ma'aruf

Har yau idan na ji wani ya ce "a rufa masa asiri", sai in ji raina ya tafasa. Ni Ummulkhairi, da idona na ga yadda rufin asiri ya cinye gonar ubanmu a Mawashi, kuma masu rufin suna nan suna yawo da rawunansu, ba wanda ya taɓa cewa ya yi kuskure.

Ma'aruf ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekarar da aka raba wa ma'aikata ƙarin albashin Udoji, kuɗin man fetur ya ruɗa kowa, kamfanonin hanya suka cika ƙasarmu da manyan motoci da warin kwalta. Ma'aruf ya ce zai yi lebura da rani ya koma gona da damina, kamar yadda sa'o'insa ke yi. Aka sa shi wajen injin fasa dutse a bayan Kankiya. Tun ranar ɗaukarsu aka gaya musu an yi musu inshora, duk wanda ya ji ciwo a bakin aiki za a biya shi diyya. Wata safiya bel ɗin injin ya kama hannun rigarsa, ya ja hannun dama har kafaɗa. Ba a yanke ba, amma da yankewar da barin duk ɗaya. Ya dawo daga asibiti hannun a shanye yana lilo. Ya daina cin tuwo a ƙofar gida cikin maza, don ba zai iya sa hagu a akushi ana kallonsa ba.

Lissafinmu ɗaya ne, ni da shi. Idan diyya ta fito, ya sayi shanun huɗa da garma, ya ɗauki ɗan ƙodago, gona ta tsaya a gidanmu. Idan ba ta fito ba, mai hannu ɗaya ba ya riƙe gona irin wannan, sai dai a sayar. Ni ina Kankiya ina tuyar ƙosai a tasha tun bayan rasuwar mijina, ba ni da abin da zan tare masa.

Kamfanin hanya ya ce magana tana hannun kamfanin inshora a Kaduna. Na inshora suka ce za su aiko a duba. Ana cikin jira ruwa ya sauka.

Sai Dabo, sarkin noman Mawashi, ya sa aka buga ganga, aka kira wa Ma'aruf gayya. Ba zan ci haƙƙinsu ba, sun fito. Har daga Yashe aka zo. Aka yi masa huɗa, aka dawo aka yi noman fari da maimai, gona ta yi kyan da ba ta taɓa yi ba ko ubanmu yana da rai. To amma a wajenmu mai gona ba ya zama a gida ana masa gayya. Dole ya saɓa hauya ya wuce gaba, ya sara kunyar farko, sannan jama'a su bi. Ma'aruf ya sara da hagu, sara ɗaya wanda ko ciyawa bai tsinke ba, aka yi masa kirari aka wuce. Tun daga ranar hauyar nan ba ta sauka daga kafaɗarsa ba. Kullum safiya zai saɓa ta, ya cusa hannun cikin riga, ya tafi gona ya zauna a gindin gawo.

Da kaka mutumin inshora ya zo a kan babur, wani mai suna Ɗanmusa, da kyamara rataye a wuya. Da ina nan, wallahi da a tabarma zai tarar da Ma'aruf, hannun a buɗe ƙudaje na bi. Ba na nan. Baƙo ya zo daga Kaduna, me ƙanena zai yi? Ya sa babbar rigarsa, ya sa aka yanka zakaran da ya rage musu matarsa Mairama ta dafa, ya zagaya da baƙo ya nuna masa rumbu biyu cike da gero. Baƙo ya tambaye shi yaya gida, ya ce alhamdulillahi, ba su rasa komai ba. Mutumin ya suɗe yatsunsa, ya ce a tsaya gaban rumbu ya ɗauki hoton tarihi. Ma'aruf ya gyara hula, ya saɓa hauya, har da murmushi.

Ba a daɗe ba amsa ta zo: bincike ya nuna Ma'aruf ya koma sana'arsa ta noma, har ya fi da samu, don haka babu diyyar nakasa.

Na rufe kaskona na tafi Mawashi, ban ko zauna ba.

"Kai wane irin mutum ne?" na ce masa. "Wanda ya zo cutar ka, shi ka yanka ma zakara?"

"Yaya, baƙo ne. In bar shi ya tahi da yunwa?"

"Ya tahi da yunwa, ya tahi da ciwon ciki ma! Me ya kai ka nuna mashi rumbu?"

Ni na ja shi muka je wajen wani jami'in ƙwadago, ya shigar mana da ƙara gaban majistare mai zuwa daga Katsina ya zauna a Kankiya. Jami'in ya ce shari'ar ba ta da wuya. Takardar likita tana nan. Abin da ya rage, a sami wanda zai gaya wa kotu cewa jama'a ne suka noma gonar, kuma shi Ma'aruf ya faɗa da bakinsa cewa ba ya iya ci da gidansa.

Na je na durƙusa gaban Dabo a zaurensa. Na ce, "Baba, don Allah in an tambaye ka, ka hwaɗi yadda abin yake. Ku kuka noma, shi bai iya komai." Ya ce, "Ɗiyata, kwantar da hankalinki. Ma'aruf ɗana ne, ba ni barin shi ya ji kunya." Na taso ina murna, shashasha da ni, ban gane abin da yake nufi ba.

Ranar shari'a rabin Mawashi sun cika kotu. A bencin gaba ga Malam Uthman, mahaifin Mairama, surukin Ma'aruf. Lauyan kamfani wani siriri ne mai taushin murya, kuma ɗan ƙasar nan ne, ya san mu ciki da bai. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ya miƙa wa majistare hoton, sannan ya juya wajen Dabo ya gaishe shi da ladabi kamar zai nemi auren 'yarsa.

"Sarkin Noma, wa ya sara kunyar farko a gonar nan?"

"Mai gona mana."

"Wato Ma'aruf. To, sadaka kuka yi masa?"

Dabo ya ɗaga kai. "Subhanallahi! Wa ya ce sadaka? Gayya ce, irin wadda ake ma kowa. Mun dai ɗan kama mashi."

"Ka taɓa ganin ya roƙi wani?"

"Ma'aruf? Magidanci ne, ɗan gidan mutunci. Shina riƙe da gidanshi kamar kowane namiji."

Dattawan da ke baya suna gyaɗa kai, suna jin daɗin an yi magana mai kyau. Ni kuwa ina ji kamar in cire takalmina in jefe su.

Aka kira Ma'aruf. Ya fito cikin babbar rigar nan, hannun a ɓoye. Lauyan bai tambaye shi injin ba, bai tambaye shi asibiti ba. Ya matsa gefe yadda Ma'aruf zai fuskanci surukinsa sosai, ya ce, "Malam Ma'aruf, tambaya ɗaya ce. Ga mahaifin matarka, ga mutanen garinku. Kana iya ci da matarka, ko ba ka iyawa?"

Na ga gumi yana bin wuyansa. Ya dubi Malam Uthman, Malam Uthman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Kowa a ɗakin ya san abin da ake cewa da namijin da ya furta ba ya iya ci da matarsa.

"Ina iyawa," in ji Ma'aruf.

Ban san lokacin da na tsallake benci ba. Na damƙi hannun rigar na yaye ta har kafaɗa. Hannun ya fito, siriri kamar karan dawa, yatsun a dunƙule. Na ce, "Ranka ya daɗe, dubi! Da wannan ya noma? Da wannan zai ci da mace? Ƙarya suke yi, dukansu, har shi!" Ɗan sanda ya riƙe ni ya yi waje da ni ina ihu. Abin da na gani na ƙarshe, Ma'aruf yana kokawar jawo rigar da hagu ya rufe.

Majistare ya ce ba wanda ya musanta ciwon. Amma mai ƙara da shaidarsa sun rantse cewa yana noma kuma yana riƙe da gidansa, kotu ba za ta fi su sani ba. Aka yanke masa ɗan abin da bai kai kuɗin bijimi ɗaya ba.

A bakin kotu Dabo ya tsaya kaina, ya ce, "Ummulkhairi, ba ki kyauta ba. Mu mun ruhwa mashi asiri, ke kin tona a gaban surukinshi." Na ce, "To, Baba, baɗi ma ku zo ku ruhwa." Ya ce Allah ya kai mu.

Allah ya kai mu. Samari sun tafi aikin hanya, kowa yana fama da tasa gonar, kuma gayya ba a yi wa mutum kowace shekara. Ganga ba ta yi ƙara ba. Ciyawa ta shanye gero, rumbu ya koma fanko, da rani wani ɗan kwangila daga Kusada ya sayi gonar har da gawon.

Ma'aruf bai sake yi min magana ba sai gaisuwa. Bara na je Mawashi, na gan shi da sassafe ya fito da hauya a kafaɗa, hannu cikin riga, ya nufi bayan gari inda ba shi da ko taku ɗaya na gona. Dabo yana zaune a ƙofar zaure da dattawansa. Suka ɗaga masa hannu suka ce, "Ma'aruf, barka da ƙoƙari, a yi aiki lahiya."

Ya ce, "Yauwa, na gode," ya wuce.