Zuciyar Saje Ta Ƙi Lafawa

Da hantsi sojoji biyu suka kawo Saje tantin jinya, rigarsa sharkaf da gumi. Kofur, ita kaɗai ce mai duba marasa lafiya a sansanin, ta ɗora yatsu a wuyansa. Jijiyar na harbawa kamar za ta fasa fata. Ta maƙala masa na'ura a yatsa: bugu ɗari da tamanin da biyar a minti.

"Yallaɓai, tun yaushe?"

"Shekara biyu yana zuwa yana tafiya," ya ce yana haki. "Ƙwayoyina sun ƙare makon jiya. Ba wanda ya sani."

Ta kira likitan hedikwata a rediyo. Ruwa ya cinye gada, jirgi kuma sai gobe.

"Kina da allurar zuciya?" in ji likita.

"Babu."

"To, gwada dabarun saukar da bugun ba tare da magani ba."

Ta zare allura daga sirinji, ta miƙa wa Saje sirinjin. "Ku hura da iyakar ƙarfinku."

"Usur na saba hurawa, ƙanwata."

Ya hura har idanunsa suka kaɗa. Ta kwantar da shi, sojojin suka ɗaga ƙafafunsa sama. Lambar da ke kan na'urar ba ta motsa ba. Suka sake, a banza. Leɓɓansa suka fara fari, ya daina zolaya. Kofur ta aika a guje aka kwaso ƙanƙarar da ake sanyaya magani da ita, ta zuba a kwanon ruwa.

"Ku riƙe numfashi."

Ta danna fuskarsa ciki tana addu'a a fili. Da ya ɗago yana tari, lambar ta faɗo casa'in da biyu.

Tana jawo takardar rahoto ya cafke hannunta.

"Don girman Allah kada ki rubuta. Shekara goma sha tara ina cikin kakin nan, ban iya wata sana'a ba. Suka gani, sallamata za su yi. Me zan faɗa wa 'ya'yana?"

"Jibi ku ne gaba a sintiri, da mutum goma sha biyu a bayanku. In zuciyar ta motsa a daji fa?"

"Zan nemo ƙwayoyin. Na rantse."

Ta zare hannunta a hankali. Ta rubuta komai, har abin da ya ɓoye. Saje ya juya mata baya, kafaɗunsa na girgiza. Ta ja kujera kusa da gadon ta zauna, idonta a kan na'urar.