Kwantiragi a Watan Fatalwa

Luyen ta dawo daga cin abincin rana ta tarar da tire a bakin ƙofar ofis: kunun shinkafa tsararo a ƙananan kwanuka, gishiri, alawa, turaren tsinke yana ci. Matar mai kamfanin ce ta ajiye wa fatalwan da ba su da dangi. Watan bakwai na kalandar kakanni ya kama, watan fatalwa, ƙofar lahira a buɗe take. Duk layin haka yake, kowane shago da gwangwaninsa na ƙona wa matattu kuɗin bogi na takarda. Ta kewaye tiren a hankali, ta hau bene.

Kamfanin ƙarami ne, a hawa na uku na wani gida a birnin Da Nang. Aiki guda ne ke riƙe da shi bana: manhajar da suka rubuta wa wani kamfanin kifi na Norway, mai bin sawun motocin sanyi daga bakin teku zuwa kasuwa. Luyen ce mai gwaji. Aikinta ta gano inda abu zai fashe kafin ya fashe a hannun mai shi. Makon jiya ta gama da wannan manhaja, ta sa sunanta a ƙasan rahoto: babu aibi, a saki.

Ita ce kuma tafinta, tun da ta gama ajin Malama Diem na Turancin fasaha da kasuwanci. Damina guda tana zuwa ajin da sassafe kafin aiki. Kalmomin a ƙananan katuna suke, ta manna su a jikin firji, a ƙofar banɗaki, har a kan tankin babur ɗinta. Kalmar ranar miƙa aiki. Kalmar ɓarakar tsaro. Kalmar tarar da ake ci idan an saɓa alkawari. A ajin ne malamar ta raba wa kowa sunan Turawa, wai don kada harshen baƙi ya karye. Luyen ta sami Linda, da shi kuma 'yan Norway suka san ta.

Kawu Bang, mai kamfanin, ya kira ta ɗakin taro tun kafin lokacin ganawa da 'yan Norway. Khoi, babban mai rubuta manhajar, yana can zaune yana juya ƙanƙara a kofinsa. Kawu Bang ya turo mata kofi da madara da hannunsa. Bai taɓa yin haka a banza ba.

"Ɗiyata, ranar sakin nan ba za ta yiwu ba."

"Kawu, ai an gama komai."

"Na san an gama. Watan ne bai gama ba."

Khoi ya ce, "Kawu ya duba kalandar Turawa, ya manta ta kakanni."

"Kai, rufe mini baki."

Gaskiya Khoi ya faɗa. Da aka sa hannu kan kwantiragi bara, Kawu Bang da kansa ya zaɓi farkon Satumba, yana ganin kafin nan watan fatalwa ya wuce. Bai lura bana a kalandar kakanni watan shida sau biyu zai zo ba. Na bakwai ya zame, ya faɗo daidai kan ranar. A wannan wata kuwa ba ya fara komai. Shagonsa na farko a cikinsa ya buɗe, ambaliya ta shiga ta kwashe kayan tun bai shekara ba. Tun daga nan ko hular kwano ba ya saya sai watan ya fita.

Ya ce, "Ki ce musu an ga matsala. Ki samo mata suna mai nauyi cikin waɗanda kika haddace. Mu samu mako uku."

"Kawu, da mun faɗa musu gaskiya fa?"

"In ce wa Baturiya ina tsoron fatalwa? Ta kwashe aikinta ta kai wani wuri, ta riƙa ba da labarina ana dariya?"

"Yaya Khoi, ka sa baki mana."

Khoi ya ɗaga hannuwa. "Ni Turancina na karatu ne, ƙanwata. In na buɗe baki ko kwamfuta ba ta gane ni."

Allon bango ya haska. Can Norway safiya ce. Uwargida Ragnhild, wadda aikin ke hannunta, ta bayyana cikin rigar sanyi, da tabarau a goshi. Aka gaisa. Kawu Bang ya yi murmushinsa na baƙi, ya yi magana doguwa kan zumuncin kamfanonin biyu. Luyen ta taƙaita ta. Sai ya dube ta ya gyaɗa kai.

Ta faɗa. An gano ɓarakar tsaro a wajen shigar direbobi, ana bukatar ƙarin gwaji, suna ba da shawarar a ɗage ranar saki. Kalmomin suka fito sumul, kowace a mazauninta, kamar yadda Malama Diem ke so. Har ta ji wani ɗan daɗi, ta kuma ji kunyar daɗin.

Ragnhild ta sauko da tabarau. "Wace irin ɓaraka?"

Luyen ta ba ta wani sunan.

"Tun yaushe kuka gani? Bayanan direbobinmu na gwaji suna ciki. Sun fita?"

"A'a, ba su fita ba."

"Ta yaya kuka tabbatar?"

Luyen ta kashe makirfo. "Yaya Khoi, me zan ce?"

"Ce mata mun duba tarihin shiga, babu baƙo."

Ta kunna ta faɗa. Idon Ragnhild ya koma gefe, tana buɗe wani abu a kwamfutarta.

"Ga rahotonku na makon jiya a gabana," in ji Ragnhild. "An ce an gwada wajen shiga, babu aibi. Wani Hoang Thi Luyen ya sa hannu. Linda, kakar kifi ba ta jiran kowa, na riga na shirya motoci da direbobi kan wannan takarda. Ki gaya wa shugabanki zan iya jure jinkiri. Abin da ba zan jure ba, mai gwajin da ke sa hannu kan abin da bai duba ba. Ina so a cire shi daga aikinmu yau, a aiko mini a rubuce."

Luyen ta kashe makirfo. Ta fassara duka, ba ta rage komai ba. Muryarta ba ta yi rawa ba sai a kan sunanta.

Khoi ya daina juya ƙanƙara.

Kawu Bang ya shafa haɓa. Ya dubi allo, ya yi wa matar murmushi, ya ce ta gefen baki, "Ce mata to."

"Kawu."

"A takarda ne kawai, ɗiyata. Watan ya fita, mu san yadda za a yi."

"Wane aiki zan gwada in an cire ni daga wannan? Wani muke da shi?"

"Ba yanzu ba. Tana kallonmu."

Tana kallonsu kuwa. Luyen ta san yadda takarda irin wannan take tafiya. Masu gwaji a garin nan ba su da yawa, duk a shagunan kofi ɗaya suke zama. Kafin wata ya fita kowa ya ji cewa Turawa sun kore ta kan sa hannun ƙarya. Mai gwaji ba shi da jari sai a yarda da shi idan ya ce abu lafiya lau ne. Ta kuma san ba a yi wa babba musu a gaban baƙo. Da wannan aka raine ta, tun kafin ta iya riƙe tsinken cin abinci.

"Ɗiyata, kunna."

Ta kunna.

"Uwargida Ragnhild, ni ce Luyen. Linda sunan aji ne. Ni na sa hannu."

Matar ta ɗan ja baya a kujera.

"Manhajar lafiyarta ƙalau. Babu ɓaraka."

Khoi ya sunkuya kusa da kunnen Kawu Bang yana raɗa masa. Turanci kam Khoi yana ji, faɗa ne ba ya iyawa. Kunnuwan Kawu Bang suka yi ja.

"Luyen," ya ce a hankali. Bai ce ɗiyata ba.

Ba ta juya ba. Ragnhild ta ce, "To me ya sa ake neman ɗagewa?"

A nan katunan suka ƙare. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya san wannan hanya. Luyen ta koma Turancin firamare, tana tsintar kalma ɗaya-ɗaya. Wannan wata, ta ce, a wurinmu ƙofa tana buɗewa. Matattu suna fitowa. Waɗanda ba su da iyali, suna jin yunwa. Muna ba su abinci a bakin titi. Ba ma aure, ba ma sayen gida, ba ma fara sabon abu. Idan an fara, mutane suna jin tsoro. Ta ji yadda maganar ke fita, guntu-guntu, kamar ta yarinya, a ɗakin da ɗazu ta yi magana kamar lauya.

Ragnhild ba ta yi dariya ba. Da ta yi, da ya fi sauƙi.

"Na gane," ta ce. "Amma ɗazu an ce mini akwai ɓarakar tsaro, har da inda take. Ina so in san da wa nake aiki. Wa ya ce a faɗa mini haka? Ke, ko shi?"

Khoi ya fara raɗa, ya tsaya a tsakiya. Kawu Bang bai bukaci sauran ba. Ya ga inda idon matar ya sauka. Hannunsa yana kan tebur, yatsun a buɗe, ba ya motsi. In Luyen ta ce shi ne, kwantiragin ya tafi, kamfanin ya bi shi, da ita da Khoi da duk waɗanda ke zaune a waje. In ta ce ita ta ƙirƙira, ta zama mai gwaji maƙaryaciya da bakinta.

Luyen ta dubi allo.

"Turancina ne," ta ce. "Shugabana ya ce watan yana da haɗari. Ban san yadda ake faɗa ba. Na ɗauko kalmomin da na koya a aji, na sa su inda ba nasu ba. Da kika yi tambaya, na ji kunya, na ci gaba. Ban daɗe da fara koyo ba."

Ragnhild ta daɗe tana kallonta. Matar nan ta ji Turancin ɗazu, ta san wanda ya yi shi bai ɓata hanya ba. Luyen ta san ta sani. Ta bar idonta a kan allo, ba ta ƙifta ba.

"Rahoton fa?" in ji Ragnhild. "Kina nan kan sa hannunki?"

"Ina nan."

"Ko an sa wani daga waje ya sake dubawa?"

"A sa ko wane ne."

Matar ta cire tabarau ta ajiye. "To. Batun cire mai gwaji na janye. Rana tana nan yadda take a kwantiragi. In shugabanki ba zai fara komai a watan nan ba, kada ya fara. Manhajar tana kan na'urorinmu tun makon jiya, mutanena za su sake ta daga nan. Ku dai ku zauna kusa da waya. Sannan daga yau, duk taron da za mu yi, a nemo tafinta na sana'a. Gaya masa."

Luyen ta gaya masa, har da na tafintan. Wannan karon ba ta kashe makirfo ba.

Kawu Bang ya sauke numfashi a hankali. Ya tambayi Khoi, ba ita ba, "Daga can za su danna? Da hannunsu?"

"Da hannunsu, Kawu. Fatalwanmu kuma ba na jin suna da biza."

"Wata rana bakin nan zai kashe ka." Ya lissafa abin a ransa. "Sai na tambayi bokanmu mai duba. Amma ina ganin in ba hannuna ba ne, da sauƙi."

Ya gyara wuyan rigarsa, ya maido da murmushin baƙi, ya fuskanci allo. Ya yi magana a natse, irin ta dattijon da yaransa suka ba shi kunya. Ya amince da ranar. Yana roƙon Uwargida ta yi haƙuri da abin da ya faru. Yarinyar tana da ƙoƙari, amma kwanan nan ta gama aji, Turancin bai zauna mata ba tukuna. Laifinsa ne da ya ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta.

Ya tsaya, yana jira.

Luyen ta fassara, jimla bayan jimla, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Allon ya mutu. Kawu Bang ya ɗauki wayarsa ya fita baranda, yana neman lambar mai duba. Bai dube ta ba. Khoi ya tattara kofuna, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ƙanwata, akwai gyaran da na yi jiya a wajen taswira. Ƙarami ne. Za ki duba kafin a tashi?"

"Ƙarami ne, ko kai ka ce ƙarami ne?"

"To, ki zo ki gani."

Ta tura kujerar tafinta ƙarƙashin tebur, ta bi shi.